Rumbu ko Taska, da Batun "Gani Ya Kori Ji"

Wani matashi mai sana'ar rubuta manhajar kwamfuta daga unguwar Fagge ya aiko da tambayoyi biyu. Yana koya wa ƙannensa aiki da Git, manhajar nan da Linus Torvalds ya ƙirƙira a shekarar 2005 domin adana tarihin duk gyaran da aka yi wa rubutun manhaja. Yana so ya san kalmar da ta dace da wurin ajiyar da masu sana'ar ke kira rifo: rumbu ne ko taska? Sa'annan ya ji cewa idan aiki ya yi girma ƙwarai, Git takan daina duba fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ta dogara da labarin da aka kawo mata, shi ne yake tambaya ko wannan bai saɓa wa karin maganar da ke cewa "gani ya kori ji" ba.

Ɗana, Allah ya yi albarka. Ni dai taska na zaɓa. Rumbu na hatsi ne, kuma abin da aka zuba a cikinsa domin ci aka zuba shi, kullum uwargida ta ɗiba yana raguwa har a kai ga gindi. Wurin da kake magana a kai ba ya raguwa, domin ko fayil ka goge, tsohuwar sigarsa tana nan a cikin tarihi, duk ranar da aka neme ta za a fito da ita. Taska kuwa ɗaki ne na abin da ake tattali, ana shiga a ɗauko a kuma mayar. Ma'ajiya ma ba laifi, ginin kalmar irin na marina da majema ne, sai dai ta yi faɗi, tunda har aljihu ma'ajiya ne.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba za ta warwaru ba sai mun raba kalmomi biyu da mutane kan cakuɗa, wato bin sawu da sa ido. Mai bin sawu yakan zo ne bayan abu ya wuce, ya duƙa yana karanta alamar da aka bari a ƙasa. Mai sa ido kuwa yana wurin tun kafin abin ya faru. Tsohuwar hanyar Git bin sawu ce: tana riƙe da jerin da ta rubuta girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, idan ka tambaye ta abin da ya sauya sai ta bi fayilolin nan kaf tana gwada alamarsu da abin da ke rubuce. A aikin da bai wuce fayil ɗari biyar ba, kafin ƙiftawar ido ta gama. Amma lokacin da kamfanin Microsoft ya mayar da rubutun Windows cikin Git a 2017, fayilolin sun kai wajen miliyan 3.5, nauyinsu kusan gigabayit 300, kuma wannan tambaya guda kan ci kusan minti 10 kafin a sami amsa, ko da layi ɗaya mutum ya gyara. Kamar ɗan kasuwar Dawanau ne da zai ƙirga buhunan sitonsa duka kowace safiya don ya gano wanda aka taɓa.

Maganin da aka samo shi ne a ajiye mai sa ido. Kamfanin Facebook ya ƙera wata manhaja mai suna Watchman, wanda ma'anarsa a Hausa mai gadi ce, kuma daga 2022 Git ta zo da nata a kwamfutocin Windows da Mac. Aikin mai gadin shi ne ya zauna yana sauraron sanarwar da kwamfuta ke bayarwa duk lokacin da aka taɓa fayil, in an tambaye shi ya ce ga uku ko huɗun da hannu ya kai gare su.

To, a nan ne nake ganin an yi wa karin maganar gurguwar fahimta. Bahaushe bai ce ji banza ne ba. Cewa ya yi idan gani ya zo, ji ya gama aikinsa, kamar yadda akan faɗa wa wanda ya daɗe yana jin labarin Dala ranar da ya hau kansa ya hango birni. Ai jin ne ya kai shi can. Haka Git take yi: mai gadi yakan nuna mata inda za ta duba, ita kuma sai ta je ta buɗe waɗannan fayilolin da kanta kafin ta yanke hukunci cewa sun sauya. Idan kuma mai gadin ya tashi daga bakin aiki, misali aka kashe kwamfuta aka sake kunnawa, har ya kasa ba da tabbacin abin da ya gudana a bayansa, ba ta karɓar zato daga gare shi, sai ta koma ta ƙirga buhunan nan daga farko har ƙarshe.