Ɗana na son jifan guduma, an ce masa sai ya yi ƙiba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mahaifi ne daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi. Ina da yaro ɗan shekara 17 a lise, dogo ne, Allah ya ba shi ƙashi. Malaminsu na wasanni ya ga yadda yake jifan dalma, sai ya nuna masa bidiyon jifan guduma, wanda suke ce wa marto. Tun daga ranar ba shi da zance sai wannan. Ya sa maƙeri ya haɗa masa dunƙulen ƙarfe da waya, kullum la'asar yana bakin Gulbi yana jujjuyawa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wani mutum a gidan ɗaga ƙarfe ya ce masa in bai kai kilo 120 ba kada ma ya wahalar da kansa, ya kuma ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi farare. Yau wata biyu yana sha. Fuskarsa ta cika, ci kamar gara, da dare ba barci. Uwarsa na murna wai ya yi kyau, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Ku taimaka mini: da gaske haka manyan 'yan wasan nan suke yi? Kuma a shekara 17 bai makara ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Faɗuwar gabanka tana kan hanya. Kafin mu taɓa zancen guduma, ga abin da nake so ka yi gobe da safe: ka karɓi ƙwayoyin nan da takardarsu ko kwalinsu, ka kama hannun yaron ku tafi asibiti, likita ya gan shi ya ga maganin. Ban ga ƙwayar ba, amma cikar fuska da cin da ba ya ƙarewa da rashin barci sun yi kama da aikin deksametazon, wadda ake ce wa deksa, ko sha-ka-fashe a bakin masu talla. In ita ce, to kada ka fusata ka watsa ta a masai yau da dare. Wanda ya yi wata biyu yana shanta jikinsa ya rage sarrafa sinadarin kansa, ya jingina da ita. Yanke ta rana ɗaya na iya kayar da shi: jiri, amai, kasala, hawan jini ya koma faɗuwar jini, har suma. Likita ne zai riƙa rage masa ita sannu-sannu, ya auna sukarinsa da jininsa.

Bai makara ba. Wannan ɓangaren tambayar mai sauƙi ne, zan dawo kansa.

Zancen kilo 120 ɗin nan shi ne ya dame ni, don kusan ba a yin mako ban ci karo da shi ba. Mutane na ganin mai jifa a talabijin da faɗin ƙirji, sai su yanke hukunci cewa nauyi ne ke tura ƙarfen. Abin da ke kai guduma nesa gudun da ta bar hannu da shi ne. Mai jefa mita 80 yana sakin ƙarfe mai kilo 7.26 da gudun da ya kusa mita 29 a daƙiƙa ɗaya, wato ya ɗara kilomita 100 a awa. Ƙarin mita ɗaya tak a daƙiƙa cikin wannan gudun yana ƙara wa jifa mita 5 ko fiye. Kuma duk wannan gudun a cikin da'ira mai faɗin mita 2.135 ake tara shi, da juyi uku ko huɗu a kan diddige da tsinin ƙafa, kowane juyi ya fi na bayansa sauri. A juyin ƙarshe wayar na jan mutum da ƙarfin da ya kai wajen kilo 300. Abin da ke riƙe wannan jan cinya ce da ƙugu da gadon baya da iya zama a kan ƙafa. Tumbi da kumatu ba su riƙe komai, sai dai su sa ƙafa ta yi nauyi a lokacin da ake son ta yi sauri.

Ka nemi hoton Koji Murofushi na Japan ka nuna wa yaronka. Nauyinsa wajen kilo 100 ne, a cikin abokan karawarsa shi ne kamar siriri, amma a 2003 ya jefa mita 84.86, ya ci zinariyar Olamfik a 2004, ya zama zakaran duniya a 2011 yana da shekara 36. A gida Japan sau 20 a jere yana lashe gasar ƙasa, daga 1995 zuwa 2014. Mahaifinsa, wanda shi ma gwanin guduma ne, shi ya koya masa juyi. Sannan ka nuna masa Ethan Katzberg na Kanada, dogo mai dogayen hannuwa, wanda ya ci zinariya a Paris a 2024 da mita 84.12. Tsawon hannu na ƙara faɗin zagayen da gudumar ke yi, wannan kuwa yaronka ya samu daga Allah, ba a sayar da shi a farantin masu tallan magani.

Yanzu bari in faɗa maka abin da deksa ke yi, don masu sayar da ita ba za su faɗa ba, yawancinsu ma ba su sani ba. Tana tara ruwa da gishiri a jiki, ta tara kitse a fuska da wuya da ciki, a daidai lokacin da take cinye tsokar cinya da ta damtse. Wato gaɓoɓin da mai jifa ke taƙama da su su ne take fara ci. Tana rage ƙarfin ƙashi, tana tayar da sukari da hawan jini, tana ɓata ciki, tana raunana garkuwar jiki har ƙaramin ciwo ya zama babba. A yaron da bai gama girma ba tana iya tauye tsawo. Sikeli zai ce ya ƙaru, tsallensa da gudunsa za su ce ya ragu. Kumburi daban, ƙarfi daban. Mu nan Maraɗi mun san wannan a kasuwar dabbobi: akwai ragon da aka yi wa kiwo da harawa da dusa, akwai wanda aka ɗura wa magani gab da layya, sai an yanka a ga ruwa. Kowane Bamaraɗe zai yi fushi in aka sayar masa da irin wannan rago, amma sai ga shi ana yi wa 'ya'yanmu haka, iyaye mata na guɗa. Ban ga laifin uwarsa ba, da idon uwa take kallo. Ka zaunar da ita ka yi mata bayani, ko ma ku tafi asibitin tare ta ji da kunnenta.

Kuma abin ba ya tsayawa a ƙwaya ɗaya. Na sha gani. In fuska ta cika amma jifa bai ƙaru ba, sai mai gidan ƙarfen ya ce to sai an haɗa da allura. Allurar gina tsoka ke nan, wadda ke rufe ƙasusuwan yaro kafin su gama tsawo, ta taɓa hanta da zuciya, ta rage ƙarfin haihuwa. In gaɓoɓi suka fara ciwo, sai a kawo taramol, a ce ai 'yan kokowa da masu aikin ƙarfi duk ita suke sha. Taramol na ɓoye ciwo, ciwon na nan yana cin wurin, ga kamu, ga farfaɗiya. Ka yi tunanin mutum da taramol a ka yana juya ƙarfe mai kilo 5 a bakin Gulbi, ga yara na kiwon awaki, ga mata na dawowa daga lambu. Mutumin da bai taɓa shiga da'irar jifa ba, bai san sunan maganin da yake bayarwa ba, shi ne ke tsara wa yaro rayuwa don jika biyu ko uku. Wallahi abin na ci mini rai. Wanda ya ba ɗan wani abin da zai lalata masa ƙashi da hanta alhali ya san ba likita ba ne, ya sani akwai ranar da za a tambaye shi. Mu ma da muke wucewa ta gaban farantin magani a rana tsaka, mu saya wa 'ya'yanmu don ya fi farmasi araha, muna da namu kason.

Na san abin da za a ce wa yaronka: ai manyan ma sha suke. Wasu sun sha, ba zan ɓoye ba, kuma zamanin Tarayyar Sobiyat har yau bai fita daga zargi ba. Sai dai a ƙarasa masa labarin. Zinariyar Murofushi ta 2004 da na ambata, Adrian Annus na Hungari aka fara rataya wa ita, aka ƙwace bayan ya ƙi bayar da fitsari a sake awo. Ivan Tsikhan na Belarus ya jefa mita 86.73 a 2005, santimita ɗaya ya rage ya kamo bajintar duniya, daga baya aka goge jifan gaba ɗaya tare da kambunsa na duniya na shekarar. Tatyana Lysenko ta Rasha ta ci zinariya a Landan a 2012, aka sake auna fitsarinta a 2016, aka karɓe aka ba Anita Wlodarczyk ta Polan. Ana ajiye fitsari da jini har shekara 10, na'urar da ba ta gani ba bana za ta gani baɗi. Hukuncin allurar gina tsoka dakatarwa ce ta shekara 4. Deksa da ake haɗiya haramtacciya ce a lokacin gasa, taramol ma ta shiga jerin tun 1 ga Janairun 2024. Dokar kuma ba ta karɓar "wani ne ya ba ni". Abin da aka samu a jikinka naka ne.

Mu koma kan shekarunsa. Jifan guduma sana'a ce ta mai dogon numfashi. Yuri Sedykh na Tarayyar Sobiyat ya ci zinariyar Olamfik a 1976 yana da shekara 21, amma sai da ya kai 31 ya yi jifansa mafi nisa, mita 86.74, a Stuttgart ta Jamus ranar 30 ga Agustan 1986, wanda har yau ba a karya ba. Ya zama zakaran duniya a 1991 yana da 36. Wlodarczyk ta kafa bajintar duniya ta mata da mita 82.98 a 2016 tana da 31, ta ci zinariyarta ta uku a Tokyo tana gab da 36. Juyin nan dubbai ake maimaita shi kafin ya zauna a ƙafa. Yaro ɗan 17 yana da shekara 10 cur a gabansa kafin a ce ya nuna, to gaggawar me ake yi da za a kumbura shi cikin wata biyu? A shekarunsa ma kilo 5 doka ta ba shi, daga 18 zuwa 19 kilo 6, sai bayan nan ya ɗauki ta manya. Ka kai ƙarfen maƙerin nan a auna. In ya fi kilo 5, a rage. Nauyin da ya fi ƙarfin yaro na koya masa jan guduma da kafaɗa, gyara wannan ɗabi'a kuwa ya fi koyo daga farko wuya.

Abinci kuma ba sai an je nesa ba. Wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwan zabi, hura da nono, nonon jar akuyarmu ta Maraɗi, nama in ya samu, da barci mai isa. Tsalle, gajeren gudu, jifan dalma ta baya, ɗaga ƙarfe daidai ƙarfinsa a gaban wanda ya iya. Jiki zai zo da kansa.

Ba zan yi maka daɗin baki a kan hanya ba. Garinmu garin kokowa ne, garin Kantu da ya fara ɗaukar takobin gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma lambobin Olamfik biyu da Nijar ke da su daga dambe da tekwando suka zo: Issaka Dabore a 1972, Abdoulrazak Alfaga a 2016. A Afirka, Masar da Afirka ta Kudu ne suka daɗe suna riƙe da gudumar maza, don suna da keji, wato ragar da ke kewaye wurin jifa don kare mutane, da da'ira da masu horarwa. Ni kaina na yi shekaru ina kai takarda wani ofis don a kafa mana keji ɗaya, kullum amsar ita ce a dawo bayan kasafi. Sakacin ofis kuma yana kashe ɗan wasa kamar yadda ƙwaya ke kashe shi. Annette Echikunwoke ta je Tokyo a 2021 da rigar Najeriya, aka hana ta jifa tare da wasu 'yan ƙasar 9, don ba a yi musu adadin awon fitsari da jini na bazata da doka ta gindaya ba. Ba a same ta da komai ba. Ta koma Amurka inda aka haife ta, ta ci musu azurfa a Paris a 2024 da mita 75.48. Saboda haka tun yanzu malamin wasannin nan ya yi wa yaron rajista da ƙungiyar guje-guje da tsalle-tsalle ta jiha, ya sami lasisi, a riƙa rubuta sakamakonsa, ya nemi hanyar zuwa gasa a Yamai inda masu ido za su gan shi.

Sauran bakin Gulbi. Guduma ba ta zuwa inda aka nufa koyaushe, musamman a hannun ɗan koyo, waya kuma na tsinkewa ba sallama. Ya daina jifa shi kaɗai. A sami fili wanda ba hanya a cikinsa, a zuba siminti mai santsi inda zai tsaya don yashi na kama diddige ya murɗe gwiwa, a sa mutum ɗaya yana tsaron mutane da dabbobi ta kowane ɓangare, har da bayansa. Kullum a duba waya da mariƙi kafin a fara, ya sa safar fata a hannun hagu in badame ne. Har zuwa lokacin da likita zai sallame shi, ya ajiye ƙarfen, ya riƙa juyi da sandar tsintsiya a tsakar gida. In kun dawo daga asibiti, Alhaji, ka sake rubuto mini sunan da likita ya karanta a jikin kwalin da nauyin da sikeli ya ba ƙarfen, sai in tsara masa aikin wata uku na farko.