Amsa kan yanke jijiyar gumin tafin hannu

'Yar'uwa, kin ce tafin hannunki yana jiƙewa da gumi tun kina ƙarama, har takarda kan lalace in kina rubutu, kuma an ba ki shawarar a yi miki tiyata a yanke jijiya a ƙirji. Don Allah kada ki yi gaggawa, domin jijiyar nan in an yanke ta, ba a iya mayar da ita yadda take.

A kowane gefe na ƙashin baya, ta cikin ƙirji, akwai wata igiyar jijiya mai ƙulli-ƙulli da ke kwance a kan tushen haƙarƙari. Ita ke aika umarnin gumi, da matse hanyoyin jini, da ƙara bugun zuciya. A aikin da likitoci ke kira ETS, za a sa ki barci, a huda ƙananan ramuka a ƙasan hammata, a fitar da iskar huhun wannan gefen ya sauka, a shigar da kyamara, sannan a yanke igiyar, ko a ƙona ta, ko a matse ta da ɗan ƙarfe, yawanci a daidai haƙarƙari na uku ko na huɗu. Haka ake yi a gefe na biyu. Hannu yakan bushe nan take, kuma wannan gaskiya ne.

Babbar matsalar ita ce gumin ramuwa. Jiki bai daina buƙatar sanyaya kansa ba, sai gumin ya koma baya da ciki da gindi da cinyoyi. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin suna samunsa, wasu ɗan kaɗan, wasu kuwa har ya riƙa jiƙe riga da zani ya fi na hannun muni. Idan an yanke sama, a daidai haƙarƙari na biyu, ya fi tsanani. Ki kuma tuna da zafin Afrilu da Mayu a Kano ko Sakkwato, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40: a irin wannan yanayin ne gumin ramuwa ya fi azabtar da mutum. Cire ƙarfen daga baya ba ya tabbatar da cewa abin zai warware.

Akwai kuma raguwar bugun zuciya, abin da ke sa wasu saurin gajiya in sun motsa jiki. Gumin fuska yayin cin yaji ko abu mai tsami. Bushewar hannu har ya riƙa tsagewa. Da iskar da kan taru a gefen huhu bayan aiki. In aka taɓa ƙullin da ke can sama kusa da wuya, fatar ido ɗaya takan sauko, ƙwayar idon ta tsuke. Saboda ƙorafin marasa lafiya ne aka hana aikin a Suwidin a 2003, Taiwan kuma ta hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 20 a 2004.

Kafin tiyata, a fara gwada jini a duba maƙoƙo da sukari, in akwai gumin dare da rama a duba tarin fuka. Sai maganin shafawa mai sinadarin aluminiyam kashi 20 cikin ɗari, irin Driclor: a shafa da dare a kan busasshen hannu, a wanke da safe. In bai yi ba, akwai na'urar da ake tsoma hannu a ruwa mai ɗan wutar lantarki kamar minti 20, sau uku ko huɗu a mako, daga baya a rage. Allurar Botox, wadda ake yi a fatar tafin hannu don tare umarnin gumi, kan riƙe watanni, sai dai tana iya rage ƙarfin damƙa na ɗan lokaci. Ƙwayar oxybutynin ma tana aiki, amma tana busar da baki, kuma likita ne zai tsara miki adadin.

In duk waɗannan sun gaza, ki tambayi likitan tiyatar a wane haƙarƙari zai yanke, kuma cikin waɗanda ya yi wa aikin, mutum nawa ne gumin ramuwa ya dame su bayan shekara guda.