Wutsiyar jirginka ce ta yi nauyi, Auta

Auta, na ga saƙonka da hotunan jiya bayan isha'i. Ka ce jet ɗin nan mai rimot da na bar maka ka tafi da shi gida lokacin girbi ya faɗo, wutsiya ta karye, hanci ya lotse. Ka ɗinke shi da gam mai haɗi biyu da wayar ƙafar keke har ya fi da ƙwari, amma yanzu da zarar ka jefa shi sai ya ɗaga kai sama, ya yi tangaɗi, ya kife ta gefe guda. Kana tambaya ko ƙarfi ne ya ragu, ko ka cire batir mai sel huɗu ka sa mai shida. Kuma tunda an riga an taɓa shi, kana so ka yi masa baƙin fenti irin na sojan sama.

Ajiye maganar batir tukuna. Ka sha lodin amalanken babanka. In aka jibge buhunan gero can baya da ƙafafu, me kake gani? Sandar gaba ta tashi, tana neman ɗaga wuyan shanu, tafiya ta gagara, alhali shanun nan ƙarfinsu na nan. Abin da ka yi wa jirgin ke nan. Kowane jirgi yana da wurin da nauyinsa ke daidaita, kuma masu ƙera wannan sun yi masa alama a jikin fiffike, ɗigo biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Sa batir a mazauninsa, rufe murfi, kifa jirgin tunda fiffikensa a ƙasan jiki yake, ka ɗora shi a kan yatsu biyu daidai ɗigon nan. Ya kamata ya kwanta sosai, ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Naka na tabbata wutsiya ce za ta rinjaya. Jirgi mai nauyin hanci yana tashi, sai dai ya yi taurin kai, ya sauka da gudu. Mai nauyin wutsiya kuwa ba ya jin magana ko kaɗan: ka taɓa sandar rimot kaɗan ya yi tsalle, ya ɗaga kai har iska ta daina riƙe fiffiken, sai ƙasa. Za ka ji wasu na cewa a auna kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. Wannan ga miƙaƙƙen fiffike ne. Na jet a karkace yake zuwa baya, saboda haka ka bi alamar masu shi.

Bari in yi maka lissafin, don ka daina raina gam. A ce abin da ka zuba da wayar keken sun kai giram 30, kuma daga ɗigon nan zuwa wutsiya santimita 50 ne. Daga ɗigon zuwa inda za ka iya sa nauyi a gaba santimita 25. Kafin ka rama giram 30 ɗin nan sai ka sa giram 60 a hanci. Ka ga ka ɗora wa jirgin da bai wuce kilo ɗaya ba giram 90, kusan kashi ɗaya cikin goma na jikinsa, ba tare da ya ƙaru da komai ba. Da akwai wuri, gara ka tura batirin gaba: nauyinsa wajen giram 240 ne, matsar da shi santimita 6 da ɗoriya ya biya bashin. To amma na san cikin jirgin nan, babu wannan filin. Don haka gyaran da ka yi za ka warware.

Ka samu sabuwar reza ka yanke busasshen gam ɗin a hankali, ka zare wayar. Ƙarfe ba shi da aiki a wutsiya. Tsinken tsire biyu na gora sun isa, in babu siririn sandar kabon. Ka soka su cikin fom ɗin ta ɓangarorin biyu kamar yadda mai ɗori ke ɗaura kara, ka shafa gam siriri, wanda in ka matse ɓangarorin ba abin da zai tsatso waje sai ɗan kaɗan, ka goge shi nan take. Fom ba shi da ƙarfin da zai buƙaci tulin gam. In ya sake faɗuwa, gefen ɗinkin ne zai karye, ɗinkin na nan. Kafin ya kama, ka tsaya a bayan jirgin ka runtse ido ɗaya, ka daidaita wutsiya da fiffike. In ta bushe a karkace, jirgin zai riƙa janka gefe har ranar da ka sake yanka ta.

Maganar gam akwai tarko. Fom iri biyu ne a wajenmu. Akwai farin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake tallafe talabijin da shi a kwali, mai karyewa ƙwas. Sufa gulu na cinye shi, haka fetur, haka tina. Akwai kuma EPO, wanda aka yi jirginka da shi, mai ɗan santsi da lanƙwasuwa, shi yana jure sufa gulu. Duk da haka, kowane gam ko fenti ka fara ɗiga shi a kan ɗan guntun da ya ɓalle, ka ba shi minti goma. Gam na kyandir da muke narkawa da bindiga, ka bar shi ga gyaran rediyo. Yana da nauyi, kuma a zafinmu na Afrilu, da ake haura digiri 40, sakin jiki yake yi.

Hancin da ya lotse kada ka yanke shi. Tafasa ruwa, ka sauke ya ɗan huce, ka cire duk wata waya da ke kusa, ka riƙa tsoma hancin kana cirewa. Ƙwayoyin fom ɗin za su kumbura su koma kusa da yadda suke, ka gyara sauran da babban yatsa. In ka bar shi ya daɗe a ciki zai yi ƙuraje kamar bayan kada.

Yanzu batir. Na san abin da ke ranka, don ni ma na taɓa yi. Kowane sel bolt 3.7 ne, mai huɗu 14.8 ke nan, mai shida 22.2. Duba jikin moton, akwai lamba da KV a gabanta, wato juyi nawa yake yi a minti ɗaya kan kowane bolt in ba ya ɗauke da kaya. In 3,000 ce, batirinka na yanzu yana neman kai shi juyi 44,400, mai shida kuwa 66,600. Kai kana ganin ƙarin rabi ne kawai. Fankar da ke tura jirgin ba haka take lissafi ba. In gudunta ya ƙaru da rabi, wutar da take zuƙa tana ninkawa fiye da sau biyu, aikin da moton ke yi kuma ya haura ninki uku. ESC ɗin da ke ciki, wato akwatin da ke auna wa moto wuta, na am 40 ne. Ka tura masa abin da ya doshi 90, me kake jira?

Shekarun baya wani mai kayan lantarki a birni ya rantse mini cewa moton da ya sayar mini zai ɗauka. Na sa, na jefa, ya tafi kamar kibiya, yara na ihu. Bai cika minti ɗaya ba na ga siririn hayaƙi. Abin da ban yi tunani ba shi ne, a irin waɗannan ƙananan jirage daga cikin ESC ɗin ake ba risiba (mai karɓar umarnin rimot) da sarbo (ƙananan injinan da ke sarrafa tuƙin jirgin) wutarsu. Da ya ƙone, sai komai ya mutu tare. Ina murza sanda, jirgi na tafiyarsa, har ya shige gonar dawar mutane. Sai da muka yi yini guda muna nemansa, na kuma ba mai gona haƙuri. Garin neman gira na rasa ido. In kana son sel shida, sai ka canza moto zuwa mai ƙaramar KV, ka canza ESC, ka tabbata fankar an yi ta don wannan gudun, sannan ka nemo inda batirin zai zauna ba tare da ya ɓata maka ma'auni ba. Kuɗin ya kusa na wani jirgin.

Da za ka ce mini ƙarfin ya ragu da gaske, fankar zan fara tuhuma. Taka mai milimita 64 ce, tana cikin bututu, kuma duk abin da ke gabanta haɗiye shi take: yashi, tsakuwa, ƙaiƙayi. Cire batir gaba ɗaya, ka haska tocila, ka juya ta da tsinke kana duba kunnuwanta ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ya gutsure ko ya tsage, a canza ta duka. Ba a liƙa kunnen fanka, don a wannan gudun gutsuren zai fita kamar harsashi. Ka duba ko tana gogar bangon bututun, alamar sandar moto ta lanƙwashe ke nan. Sannan ka mayar da batir, ka riƙe jirgin da kyau, fuskarka nesa da bakin iska da kuma bayan, ka ƙara wuta sannu a hankali. Lafiyayyar fanka shuuu take yi. In ka ji tana kuka kamar injin markaɗe, jikin jirgin na kaɗa maka hannu, nauyinta bai daidaita ba. Kuma ka leƙa bututun baya, don ina zargin gam ɗinka ya zubo ciki. Bakin fitar iska ana barinsa kamar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na filin da fankar ke sharewa. Ka tsuke shi fiye da haka, ko wani dunƙule ya tsaya a hanya, turin ya ragu, moto ya yi zafi. In ka taɓa cire wayoyi uku na moto kuma ka ga iska na fita ta gaba, musanya kowane biyu daga ciki, za ta juya.

Ka kuma san cewa iska mai zafi ba ta da kauri. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi da sanyin safiya, da azahar sai ya yi kamar an ɗaure masa dutse. Tashi bayan hantsi ya ɗaga ba naka ba ne yanzu.

Batirin da ya faɗo tare da jirgin, ka duba shi kafin ka sake yarda da shi. In ya kumbura, ko ya lotse, ko yana wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ya gama aiki. In lafiya yake, ka auna kowane sel: cikakke 4.2, na ajiya 3.8, kuma duka huɗun su zo kusa da juna. Jet na shan wuta, minti uku ka sauko, kada ka jira sai ya yi laushi a sama. Caji kuma da cajarsa mai daidaita sel, a cikin tukunyar ƙasa da yashi a gindinta, a tsakar gida inda idonka ke kai. Yanzu gidanku cike yake da kara da harawa. Kada in ji an yi caji kusa da rumbu.

Sarbo ɗin wutsiya ya sha duka, ƙananan haƙoransa na roba ne. Motsa sanda kana ɗan tare filafilin, wato ɓangaren wutsiya mai motsi, da yatsa. In ka ji ƙaras-ƙaras ko ya yi tsalle, canza shi, mai giram 9 ne, akwai biyu a gwangwanin da ke ƙarƙashin teburina. In ka ja sanda baya, filafilin wutsiya ya tashi sama. In ka kai ta dama, na fiffiken dama ya tashi, na hagu ya sauka. Ka faɗa da bakinka kana kallo, kowane tashi. Sannan ka kashe rimot alhali jirgin na ƙasa a riƙe, ka ga ko moton ya tsaya da kansa.

Fenti. Na san L-39 ɗin nan na sojan sama da ake koyon tuƙi da su a Kano ne suka shiga ranka. Baƙi dai ban yarda ba. Baƙin fom in ya sha rana kumbura yake yi ya yi borori, kuma fentin gwangwani na mota yana da sinadarin da ke cin fom. A sama ma baƙin jirgi inuwa kawai yake zama, ba ka sanin cikinsa kake gani ko bayansa, kuma daƙiƙa biyu na wannan ruɗun sun isa. Ga kuma halin da ake ciki na tsaro. Abu mai kalar soja yana shawagi a kan ƙauye, ba kowa zai tsaya tambayar na wane ne ba. Ka je ka gaida mai unguwa, ka nuna masa abin a hannu kafin ya gan shi a sama. Hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama tana da dokokinta kan jirage marasa matuƙi, kuma ko da wasa kada ka kusanci filin jirgin Dutse ko wani wurin jami'an tsaro. Ka nemi fentin da ake sirkawa da ruwa, shafa ɗaya siririya, saman ya zauna fari ko ruwan ɗorawa, cikin kuma ka ja masa faffaɗan layi ja biyu. Ka tuna yawancin jikin jirgin yana bayan ɗigon nan ne, don haka fenti ma wutsiya yake ƙara wa nauyi. In ya bushe, a koma kan yatsu.

In hannunka na ƙaiƙayin canza wani abu, ga wanda zai amfane ka. Cire tayoyin da ƙafafunsu, tunda ba mu da kwalta, jefawa kake yi. Jirgin zai yi sauƙi, iska ta rage riƙe shi. Liƙa faffaɗan salatif mai zare a cikinsa don sauka. Ramin shan iska na ƙasa kuma ka rufe shi da ragar waya mai manyan idanu, don ta tare tsakuwa ba tare da ta shaƙe fankar ba. Amma abu ɗaya za ka canza, ka auna, ka tashi, ka rubuta abin da ka gani, sannan na gaba. In ka canza uku rana ɗaya ya faɗo, wa za ka kama?

Kada ka gwada shi a gonar da aka girbe, kututturen kara zai farke masa ciki. Filin ƙwallon firamare ya fi, da sassafe kafin yara su fito, ka fuskanci iska, ka jefa shi a miƙe, hanci bai ɗaga ba sai kaɗan. Amma wannan ma ba yanzu ba. Ka yanke gam ɗin, ka ɗaure abin da ka cire a leda, ka zo mini da shi tare da jirgin da batirin ranar kasuwa, mu ɗora a sikelin dijital ka ga giram nawa ne da idonka. Ka gaida Malam da mutanen gida.