Mu sayi Raspberry Pi ne, ko kwamfutocin sashe sun isa?

Tambaya: Ni malami ne a sashen kimiyyar kwamfuta. An ba ni darasin rubuta kanel (zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) da direbobin na'ura (manhajojin da kanel ke sarrafa na'urori da su), ɗalibai 40, kuɗin kayan aiki kuma ba yawa. In saya wa kowa allon Raspberry Pi ne, wato ƙaramar kwamfutar da ke kan allo guda?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Rabin farko na zangon ba ya buƙatar allo ko ɗaya. Ɗora QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, a kwamfutocin da kake da su, ka fara da xv6, ƙaramin kanel ɗin da MIT ta Amurka ta fito da shi a 2006 don koyarwa. Layukansa ba su kai 10,000 ba, ɗalibi zai iya karance shi tas. Na Linux kuwa ya haura miliyan 30, wa zai karanta?

Daga nan sai direbobin Linux, su ma cikin kwamfutar kwaikwayo, domin kuskure a kanel ba manhaja ɗaya yake kashewa ba, injin ne gaba ɗaya zai sandare. A QEMU, sake kunnawa daƙiƙu ne kawai. Idan insmod, umarnin da ke ɗora direba cikin kanel, ya ƙi karɓar direba, yawanci an harhaɗa shi ne da linux-headers (fayilolin bayanin kanel) na wani kanel daban, ko Secure Boot (tsaron da ke sa a ƙi direban da ba shi da sa hannu) na kunne. Ka kuma yi hattara da tsofaffin misalai: tun Linux 2.6.36 aka cire ioctl (hanyar aika wa direba umarni na musamman) daga file_operations (jerin ayyukan direba), unlocked_ioctl ake amfani da shi.

Sai an zo katsewar siginal (interrupt) da fil ɗin GPIO, wato ƙananan filan allon da ake haɗa na'urori da su, allo zai yi rana. Guda 10 sun isa, mutum huɗu-huɗu. Ka ɗauki Pi 4, ba Pi 5 ba: a Pi 5 fil ɗin suna bi ta wani cip mai suna RP1, don haka darussan da ke taɓa rajistar GPIO kai tsaye ba za su yi aiki ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne wayar USB zuwa siriyal mai 3.3V, ɗaya ga kowane allo. Kanel na faɗuwa SSH, hanyar shiga allon ta intanet, ya tafi, saƙon ƙarshe ta wannan waya kaɗai za a gani. GND a fil na 6, RX na wayar a fil na 8, TX nata a fil na 10, gudu 115200, a kuma sa enable_uart=1 cikin config.txt, fayil ɗin saitin allon. Jar wayar 5V da ke cikinta a naɗe ta da salatif. Ta taɓa GPIO sau ɗaya, fil ya ƙone, wani lokaci har allon. Caja ta zama mai 5V da 3A. Katin SD kuma ka sayi ninki biyu, don ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu yana lalata shi.

Tambaya: Ɗaliba ce ni, zan sayi laftof na hannu saboda wannan darasi. Me zan duba?

Amsa: Malama, RAM ta kai 8GB, ma'ajiya ta zama SSD, ki bar sararin kamar 30GB. Harhaɗa kanel dubban ƙananan fayiloli ne, tsohon faifai mai juyawa zai ɓata miki yini. Kafin ki biya, ki shiga BIOS, saitin farko na injin, a gaban mai shago ki tabbatar akwai VT-x ko AMD-V (tallafin gudanar da kwamfutar kwaikwayo), ki kunna shi. Katin hoto mai tsada ba ruwansa da wannan aiki.