Ku Tambayi Anti: Wannan ya ba da tauraro biyar, wancan ya ba da ɗaya, wa zan bi?

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Yarona ɗan shekara 11 ya kamu da son littattafan nan masu dodanni da dabbobi masu magana, yanzu ya dame ni sai na saya masa Narnia, toh na shiga shafukan intanet na Goodreads da Amazon in ga me masu karatu ke cewa, sai kaina ya ɗaure, wani ya ba da tauraro biyar yana cewa littafin ya ƙara masa son Yesu, na ƙasansa kuma tauraro ɗaya wai akwai mayya da tsafi a ciki kada Kirista ya bari ya shiga gidansa. Dan Allah wa zan bi a cikinsu?
Daga wata uwa

AMSA: 'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, na ji daɗi da kika tsaya bincike kafin ki miƙa wa yaro littafi. Abin da ya rikita ki shi ne mutanen nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba, na farkon yana faɗin yadda labarin ya taɓa shi, na biyun kuma ko labarin bai duba ba, ya ga kalmar mayya ya tuna Maimaitawar Shari'a sura 18 inda aka hana duba da sihiri, shikenan ya yanke hukunci. Ban raina tsoronsa ba, amma tambayar da ya kamata ya yi ita ce a wane ɓangare marubucin ya ajiye mayyar, yabonta yake yi ko kuwa ita ce muguwar da za a kayar.

C.S. Lewis ne ya rubuta Narnia, malamin jami'a ne a Oxford ta Ingila, littattafai bakwai ne, sun fito daga 1950 zuwa 1956. A na farkon da ya fito, The Lion, the Witch and the Wardrobe, akwai yaro Edmund da ya ci amanar 'yan'uwansa saboda kwaɗayin alewar da mayya ta ba shi da alkawarin sarauta, sai mayyar ta ce bisa tsohuwar doka jinin duk maci amana nata ne, shi ne zakin nan Aslan ya ba da kansa a madadin yaron, aka ɗaure shi aka aske masa gashin wuya ana ta yi masa ba'a, aka kashe shi a kan teburin dutse, 'yan mata biyu suna ta kuka a gefen gawarsa har gari ya fara wayewa, sai teburin ya tsage biyu, ga shi ya tashi da rai. Kin ga ko ban faɗa ba kin san labarin wa ake nunawa. Duk sharhin da ya ambaci mayya bai ambaci wannan teburin ba, ni dai ina shakkar ko mai shi ya kai ƙarshen littafin.

Kuma batun abin da ba ya magana ya yi magana a labari ba baƙo ba ne, ki buɗe Littafin Mahukunta sura 9 ki ga Yotam yana ba da labarin itatuwa da suka fita neman sarki.

Shawarata ki daina kallon yawan taurari, ki nemi sharhin masu tauraro uku ko huɗu da suka zauna suka yi bayani, su ne yawanci za su gaya miki wane babi ne zai iya tsorata yaro, ina ne labarin ya yi sanyi, wace koyarwa ce ba su gamsu da ita ba. Sannan ki karanta na farkon da kanki, ba shi da tsawo, ko ma ku karanta tare da shi da dare, tambayoyin da zai yi miki a wurin teburin nan sun ishe ku hira.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Na karanta wani labari na ƙarshen duniya da wani ɗan'uwa mai bi ya rubuta, gaskiya bai yi min daɗi ba, kowane babi sai an tsayar da labari an yi wa'azi, amma duk sharhin da na gani tauraro biyar ne, ina jin nauyin in ba shi biyu kamar ina rushe aikin Ubangiji ne. Laifi ne?
Daga wani ƙaninki

AMSA: Ƙanena ba laifi ba ne, kuma wannan nauyin da kake ji shi ne ya lalata sharhin irin waɗannan littattafai. Mutane da yawa suna ba da biyar ɗin ne don niyyar marubuci mai kyau ce, wasu kuma kyauta aka aiko musu da littafin kafin ya fito kasuwa don su yi sharhi, za ka ga sun faɗa a layin ƙarshe, ba wai ƙarya suke yi ba amma kunya tana hana mutum faɗin komai. Wanda ke shan wahala shi ne mai karatu na gaba da zai kashe kuɗinsa da lokacinsa, da shi kansa marubucin da ba wanda ya gaya masa inda zai gyara.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka raba maganarka biyu, ka faɗi yadda labarin yake a matsayinsa na labari, mutanen ciki suna da rai ko kuwa an ajiye su ne kawai don su faɗi aya, sannan daban ka faɗi ra'ayinka kan koyarwar. Dubi jerin Left Behind na Tim LaHaye da Jerry B. Jenkins da ya fara fitowa a 1995 ya kai littattafai 16, an gina shi ne kan fahimtar cewa za a fyauce masu bi kafin shekara bakwai na tsanani, Katolika da ɗarikoki da dama ba haka suke fassara Wahayin Yahaya ba, toh da yawa cikin sharhin da za ka gani a kansa gardamar tauhidi ce, mai neman ya san ko labarin na jan hankali sai ya fita hannu rabbana. Kai kada ka yi haka. Ka ambaci wuri ɗaya da wa'azin ya kashe maka labarin, ka ambaci abin da ya yi kyau in akwai, kada ka taɓa mutuncin marubucin, kuma dan Allah kada ka tona ƙarshen labari.

TAMBAYA: Anti wai The Lord of the Rings littafin Kirista ne? Na ga ana ta musu, ni ban ga coci ko fasto a ciki ba.
Daga wata ɗaliba

AMSA: Ɗiyata ba za ki gani ba kam, da gangan aka yi. J.R.R. Tolkien da ya rubuta shi cikakken ɗan Katolika ne, abokin Lewis ne ma, yana cikin waɗanda suka taimaka masa ya karɓi bangaskiya a 1931, kuma a wata wasiƙa ta 1953 shi da kansa ya ce aikin na addini ne tun daga tushe, amma ba ya son salon da kowane mutum a labari ke wakiltar wani abu kai tsaye irin na Pilgrim's Progress da John Bunyan ya fitar a 1678. Nasa a cikin halin mutanen yake, ki lura da yadda tausayin da jarumai biyu, Bilbo da Frodo, suka nuna wa Gollum, wata halitta da kwaɗayin mugun zoben labarin ya lalata, suka ƙi kashe shi ya zama sanadin hallaka zoben a lokacin da ƙarfin Frodo ya ƙare. Ki karanta har wurin ki sake rubuto min.