Amsa kan So da Ƙi a Zuciya Ɗaya

Ɗan'uwa, ka tambaya yaya mutum zai so abu kuma ya ƙi shi a lokaci guda, ko hakan ruɗani ne. Ni dai ban ga ruɗani ba.

Malaman manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani, sun raba kishiyantar abubuwa gida biyu. Akwai naƙili, kamar samuwa da rashi: ba sa haɗuwa, kuma dole ɗaya ya kasance. Akwai liddi, kamar baƙi da fari: ba sa haɗuwa a wuri ɗaya, amma duka biyun na iya kaucewa, riga ta zama ja. So da ƙi na rukuni na biyu ne, shi ya sa akwai wanda ba ka so, ba ka ƙi, bai dai dame ka ba.

To ta yaya suke haɗuwa? Ba ta fuska ɗaya ba. Dubi mutanen garin Kusiri na ƙasar Kamaru da kogin Logon. Shi ke ba su kifi, shi kuma ke shigo musu ɗaki idan damina ta yi ƙarfi. Wata tsohuwa da na sani tana tsine masa da safe, da yamma tana gyaran kifinsa.

Ko Hausa ma ta gane wannan, tunda kalmar da ke adawa da wata muna ce mata kishiya, alhali kishiyoyi miji ɗaya suke aure. Suratun Najmi, aya ta 43, ta ce Allah ne Ya sa dariya, Ya sa kuka. Ranar kai amarya ka lura da uwarta, za ka ga biyun tare.