Amsa: an rufe akawun amma yana shiga ta Linux

Malam sannu da ƙoƙari, na ga tambayarka, wai ka rufe akawun ɗin ma'aikacin da ya bar aiki a Active Directory (sabar da ke riƙe da akawun ɗin ma'aikata), Windows ta hana shi amma Ubuntu har yanzu tana buɗe mai. Wallahi irin haka ta taɓa samu na a wani ofis nan Katsina wajen Ƙofar Kaura, kwana biyu ina fama.

Fara duba userAccountControl ɗin shi a Active Directory, wato lambar da ke nuna halin da akawun ɗin yake, in 514 ne to ya rufu, 512 kuwa a buɗe yake. In ya rufu matsalar tana wajen SSSD, manhajar da ke haɗa Linux da Active Directory, don yana ajiye fasuwod a cikin na'urar, to da zarar wuta ta ɗauke ko netwok ya yanke bai ga saba ba sai ya yi amfani da wanda ya ajiye, mutum ya shige abin shi. Buɗe sssd.conf, fayil ɗin saitin SSSD, ka sa offline_credentials_expiration, wato iya kwanakin da ajiyayyen fasuwod zai yi aiki, ya zama kwana 1 ko 2, don 0 na nufin ba iyaka, sannan ka tabbata access_provider = ad ne, in ba haka ba mai makullin SSH (makullin shiga na'ura daga nesa) zai shiga ko fasuwod ba a tambaye shi ba. Ni nan ne tawa ta maƙale, makullin na nan zaune a authorized_keys, fayil ɗin makullan da aka yarda da su, ban lura ba.

Tikitin Kerberos ma, wato shaidar shiga da saba ke ba mutum, yawanci awa 10 yake yi, tikitin da ya riga ya karɓa bai mutuwa nan take don an rufe akawun. Mac mai mobile account ita ma tana ajiye fasuwod.

Gwada ldapsearch, umarnin tambayar saba, da akawun ɗin, in ka ga kuskure 49 da data 533 akawun a rufe yake, saba na aikin shi daidai, 52e kuwa fasuwod ne ba daidai ba. Turo mana abin da ya fito.